Rigar da za ka lulluɓe babur da ita idan zai daɗe a ajiye

Makon jiya wani maƙwabcina a Tudun Wada ya zo neman aron tampol. Zai yi tafiyar wata uku zuwa Legas, yana so ya naɗe Boxer ɗinsa a tsakar gida. Na ce masa ya zauna mu yi magana tukuna, domin ni ma na taɓa yin haka, na kuma ga abin da ya biyo baya.

Wata damina aka tura ni kwas. Na tafi a watan Yuni, ban dawo ba sai Oktoba. Kafin in tafi na sayi shuɗin tampol, irin wanda ake shanyar hatsi a kai, na naɗe babur ɗina tamau har ƙasa, na ɗaure da igiyar roba, na danne gefuna da bulo. Ko ɗigon ruwan sama bai shiga ba. Amma ranar da na yaye shi, warin ruma ne ya fara buguna. Cen ya yi jawur da tsatsa, rim ya yi ɗigo-ɗigo, sit ya yi fumfuna, makullin ma da ƙyar ya juya. Bakanikena ya duba ya ce, "Malam, ai ba ruwan sama ne ya yi maka wannan ba, gumi ne. Ka toshe shi bai samu iska ba."

Gaskiya ya faɗa. Ƙasa ta sha ruwa, rana ta fito, tururi ya taso daga ƙarƙashin babur, tampol ya tare shi. Dare ya yi sanyi, tururin ya koma ɗigo ya sauka a kan ƙarfe, kamar yadda murfin tukunya yake yi. Haka kullum har wata huɗu. Tun daga nan, abin da nake fara dubawa a jikin kowace riga shi ne ta ina danshi zai fita.

Kafin ka je kasuwa, ka yanke shawarar inda babur zai kwana, domin rigar ɗaki daban, ta waje daban.

Idan a zaure ne, ko shago, ko gareji, ƙura ce abokiyar gabarka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura tun daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma babu ƙofar da take hana ta shiga. A nan yadi mai taushi kake so, wanda iska ke ratsawa. Akwai na kanti masu talewa da suke kama jikin babur, suna da kyau, amma ni tsohon zanin gado na auduga nake amfani da shi. Guda biyu na saya a gwanjon Kasuwar Barci, tela ya haɗa mini su. Gwajin ba wuya: kara yadin a bakinka ka hura. Idan ka ji iskar a tafin hannunka, ya yi. Kada ka sa bargo mai gashi, yana riƙe danshi kuma ɓeraye suna son sa. Leda kuwa kada ma ka fara.

Ka ɗaga kai ka duba rufin ɗakin. In kwanon yana yoyo, ka ɗauka a waje ka ajiye. Ka kuma duba abin da ke kusa. Buhun taki da na gishiri suna cin ƙarfe, buhun masara yana kawo ɓera, ɓera kuma wayoyi da soson sit yake fara ci.

Rigar waje ita ce mai buƙatar natsuwa, domin abubuwa uku za ta yi fama da su a Kaduna: ruwan Agusta da Satumba, ranar Maris da Afrilu, da guguwar farkon damina, wadda ko rufin kwano tana yayewa.

A jikin kwalin za ka ga lamba da harafin D a ƙarshenta, kamar 150D, 210D, 300D ko 600D. Kaurin zaren da aka saƙa yadin da shi take nufi. Idan lambar ta yi sama, yadin ya fi kauri da nauyi. Masu arhar nan da suke ƙara kamar ledar burodi, rana ɗaya ta bazara ba ta kashe su, amma kafin damina ta kankama sun fara yagewa a wurin madubi. A ganina, wanda babur ɗinsa zai yi watanni a fili kada ya sauka ƙasa da 300D. Sai dai lambar nan ba ta cewa komai game da ruwa. Abin da ke tare ruwa shi ne shafen roba da aka yi wa cikin yadin, da yadda aka rufe ɗinki.

Saboda haka ka roƙi mai shago ya buɗe maka ita. Juya cikinta waje ka bi ɗinkin da yatsa. Riga mai kyau an liƙa wani siririn tef a kan kowane ɗinki, domin ramin allura ƙofa ce ga ruwa. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta, in ka ga haske yana tsiyayowa ta ƙananan huji, mayar masa. Ni har ruwan leda nake saya, in loɓa yadin a hannu in zuba, in jira minti biyu in taɓa ƙasan. Mai kaya na gari ba ya hana wannan.

Daga nan ka nemi tagogin iska. Wasu ƙananan kafofi ne a sama, yawanci kusa da inda hannun babur yake, da ɗan murfi a kansu don kada ruwa ya shiga. Su ne suke fitar da gumin nan da ya cinye mini cen. Rigar waje da ba ta da su, tampol ce kawai aka yi wa siffar babur.

Bakinta na ƙasa ya kasance da roba mai tsukewa gaba da baya, da ɗamara mai maƙalli da za ta ratsa ta ƙarƙashin inji. Wannan ɗamarar ba ado ba ce. Rigar da take kaɗawa a iska, ga ƙura a tsakaninta da tanki, goge fenti take yi kamar sanfefa, sai ka ga tankin ya dushe a wuri ɗaya. In cikin rigar ba shi da shafi mai taushi, ka fara shimfiɗa zanin auduga a kan tanki da fitila kafin ka ɗora ta. Launi kuma, ruwan toka ko ruwan azurfa ya fi, yana mayar da hasken rana. Baƙa zafi take tarawa, roba da sit su yi ta gasuwa a ciki. Wasu rigunan suna da huji mai zobe a wurin tayar gaba, inda za ka zura sarƙa da kwaɗo. Riga ba ta hana ɓarawo, amma tana ɓoye masa irin babur ɗin da ke ciki, kuma tana ɓata masa lokaci.

Kada ka yarda da M da L da XL kawai, kowane kamfani da nasa awon. Karɓi tef ɗin tela ka auna daga tayar gaba zuwa ƙarshen kariya, sannan tsayi har da madubi. Boxer kusan mita 2 ne. Wadda ta yi ƙaranci za ta yage, wadda ta yi yawa za ta ja ƙasa ta tara ruwa. Ka bar tsakaninta da ƙasa kamar faɗin tafin hannu, iska ta riƙa shiga.

Idan ba ka samu ta kanti mai kyau ba, masu ɗinkin sit da tampol ɗin Keke Napep za su ɗinka maka. Ka kai musu babur ɗin su auna. Ka ce su buɗe taga biyu masu murfi, kuma kada ɗinki ya bi ta tsakiyar sama inda ruwa ke zama. Wanda kuma yake da hali, ya je Panteka a yi masa ƙaramar rumfa ta ƙarfe da kwano biyu ko uku. Rumfa a sama, riga mara nauyi a jiki, ban ga abin da ya kai wannan ba.

Ranar lulluɓewa, ka wanke babur ɗin ya bushe sarai, inji da salansa su huce har ka iya ɗora hannu, in ba haka ba rigar za ta narke ta manne. Sa wa cen mai. Rufe fanfon fetur ka tsiyaye kabireta, domin fetur in ya daɗe danƙo yake zama. Cire batir ka kai ɗaki. Cusa tsumma mai ɗan baƙin mai a bakin salansa saboda zanzaro da ƙadangare, ka ɗaura masa jan ƙyalle don ka tuna cirewa. Ɗora shi a jak ɗin tsakiya, a kan siminti ko bulo. Ka nisanci indararo, da gindin darbejiya ko mangwaro, kashin tsuntsu da ƙaron itace suna cin riga.

Maƙwabcin nawa dai bai tafi da tampol ba. Mun share masa kusurwar zaurensu, muka matsar da buhunan taki biyu da ke wurin, muka lulluɓe Boxer ɗin da zanin gadon gwanjo. Ƙaninsa ya ɗauki alkawarin kowace Juma'a bayan an sauko masallaci zai yaye shi ya sha iska na awa ɗaya, ya juya tayoyin, ya kaɗe zanin a waje kafin ya mayar.