Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin hanzarin motar da ake ja

Dokar motsi ta biyu da Isaac Newton ya wallafa a 1687 gajera ce: ƙarfin da ya rage a kan abu daidai yake da nauyinsa a kilogiram (m) sau hanzarinsa (a, yadda gudunsa ke ƙaruwa ko raguwa a kowace daƙiƙa), wato F = ma. Duk da haka, tambayar motar da ta lalace ake janta da igiya tana kayar da ɗalibai da dama a jarrabawar WAEC da NECO, kuma abin takaicin shi ne yawancinsu sun haddace dokar, wajen zaɓen lambobin da za su saka a cikinta ne suke tuntuɓe.

Mu ɗauki mota mai kilogiram 1,200, igiya na janta da ƙarfin niyuton 1,800 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), gogayyar taya da hanya da turjiyar iska kuma na riƙe ta da niyuton 600. Ɗalibi mai gaggawa zai raba 1,800 da 1,200 ya samu 1.5, alhali ƙarfin da doka take nufi shi ne abin da ya saura bayan an cire duk abin da ke ja baya. A cire 600 daga 1,800, saura 1,200, a raba da nauyin motar, hanzari ya zama 1 m/s².

Kuskuren da ya fi wannan muni, kuma wanda ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne haɗa ƙarfin wani abu da nauyin wani. A ce janwen da ke jan motar yana da kilogiram 2,800, tayoyinsa na tura shi gaba da niyuton 5,000, turjiyar da ke kansa kuma 400 ce. Wannan 5,000 ɗin motoci biyu take ɗauke da su, saboda haka dole a haɗa nauyinsu ya zama 4,000, a haɗa turjiyarsu ta zama 1,000, sannan a raba 4,000 da ta rage da kilogiram 4,000, amsa ta sake fitowa 1. Wanda ya raba da 1,200 kaɗai zai samu wajen 3.3, ya ɗora wa ƙaramar mota ƙarfin da igiya ba ta taɓa isar mata da shi ba. Maganin abin shi ne ɗalibi ya yanke shawara tun farko a kan wane abu yake lissafi, ya zana shi a takarda, ya sa kibiya ga kowane ƙarfi da ke taɓa shi. Idan motocin biyu aka ɗauka tare, ƙarfin igiya ba ya shiga lissafi, domin yadda yake jan ta baya zuwa gaba haka yake jan janwe zuwa baya.

Akwai kuma masu ninka 1,200 da 9.8 su samu 11,760, su saka a gurbin m. Wannan lamba ƙarfin da ƙasa ke jan motar ne, a niyuton ake auna ta, kuma mai amfani da ita a nan zai samu kusan 0.1. Haka nan tan 1.2 sai an mayar da shi kilogiram, kilomita 36 a awa kuma mita 10 ne a daƙiƙa.

Idan igiyar ta karkata sama da digiri 30, ɓangaren ƙarfin da ke bin hanya ne kawai ke tura mota gaba: 1,800 sau cos 30°, kimanin 1,559. A cire 600, hanzari ya sauko zuwa kusan 0.8. A kan hawa kuwa, nan ne 11,760 ɗin take da amfani, domin hawa mai digiri 5 kacal yana jan motar baya da wajen niyuton 1,025, a cire shi daga niyuton 1,200 da ke saura idan igiyar ba ta karkata ba, a samu 175, hanzari kuma ya koma kusan 0.15.

Idan tambaya ta ce ana jan motar da gudun da ba ya canzawa a miƙaƙƙiyar hanya marar hawa, hanzari sifili ne komai saurin tafiyar, kuma ƙarfin igiya a lokacin 600 ne, daidai da turjiya.