Yaro na rera karatu, ba ya karantawa: kurakuran da muke ta maimaitawa

Duk watan Oktoba, da an koma lakwal, wato makarantar boko, shagona na ɗinki a nan Tawa cika yake yi da iyaye, kuma bakinsu ɗaya: "Na sayi kaye, na sayi bik da allo, na yi mai ɗinki, ni dai na gama nawa." Na gaji da jin wannan magana, don ni ma na taɓa faɗinta, kuma ɗana ne ya biya kuɗinta.

Kuskure na farko, wanda har yau yake ci mini rai, shi ne ɗaukar hadda a matsayin karatu. Lokacin da babban ɗana ke CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu na firamare, ina Abijan wajen bida, kamar yawancin mazan Adar. Kuɗi nake aikowa, ina tambaya a waya ko yana zuwa lakwal, a ce yana zuwa. Da na dawo, kullum dare sai ya buɗe littafi ya zubo faransanci kamar ruwa, ni kuwa ina ta washe baki. Sai da ya kai CE2, wato aji huɗu, mushensu, wato malamin ajinsu, ya aiko a kira ni. Ya ce, "Malam, yaronka bai iya karatu ba." Na ji haushi ƙwarai. Da na koma gida na rufe hoton shafin da tafin hannu, na ɗora yatsa kan kalma guda a tsakiyar layi, na ce karanta. Yaron ya yi shiru, leɓɓansa na motsi. Ashe komawa ya yi farkon shafin yana rerowa a zuci, yana ƙirga har ya iso inda yatsana yake. Shekara uku ke nan bai san baƙi ba, kuma sai da ya maimaita ajin.

Ba laifin yaro ba ne. Aji a cike yake, mushe ya faɗa, yara su amsa baki ɗaya, cikin harshen da ba a yi da shi a gida. Ƴaƴanmu kuwa kunnensu ya goge a makarantar allo, abu sau uku suka ji sun riƙe. Wannan baiwa ce, amma tana ɓoye wanda bai gane harufa ba.

Abin da nake yi yanzu da ƙannensa: ba na barin yaro ya fara daga saman shafi. Daga ƙasa nake farawa, ko in tsallaka layi. Bayan magariba, minti 15 kawai, nakan ɗauki allin ɗinki in rubuta ma, mi, mo a kan ƙyalle, sannan baba, rana, tuwo, kalmomin da ya san ma'anarsu. Daga nan mu koma gwangwanin tumatir da kwalin shayi. Ranar da ƴata ta tambaye ni me ya sa ake rubuta Tahoua alhali Tawa muke cewa, na san idonta ya buɗe, a nan na nuna mata yadda o da u ke haɗuwa a faransanci.

Kuskure na biyu shi ne dukan yaro. Da na gano matsalar ɗana, maimakon in zauna da shi sai na ɗauko tsumagiya. Duk kalmar da ya kuskure, bulala guda. Cikin wata ɗaya yaron da ke tarbata a ƙofa ya koma ɓuya bayan uwarsa in ya ji ƙarar babur ɗina, in ya ga littafi sai hannunsa ya kama rawa. Uwarsa ce ta tsayar da ni, ta ce, "Malam, tsoro kake koya mai." Ku iyaye maza, ku ji tsoron Allah! Kai da ka yi shekaru a Abijan kana fama da faransancin kasuwa, wa ya doke ka a kan kuskure? Yaro ɗan shekara 7 kake so ya ƙware cikin dare ɗaya? In ranka ya ɓaci, rufe littafin ka fita, gobe ma rana ce.

Akwai kuma masu hana yara Hausa a gida wai don faransanci ya zauna. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Yaron da kakarsa ke yi wa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ya kuma iya maido da ita daga farko har ƙarshe, shi ne zai iya bin labari a littafi. In ya karanta layi, ce mai, "To, faɗa mini da Hausa." Uwar da ba ta shiga lakwal ba ma za ta iya wannan, kuma ta sa shi ƙirga canji in ya dawo daga aike: dala ashirin aka ba ka, ka sayi na dala goma sha biyu, nawa ya rage?

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada yaro ya fita da ciki wayam, ko koko da ƙosai ne a ba shi, ga gorar ruwa, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Karɓe waya daga hannunsa bayan isha'i. Kada a ɗora wa yarinya tallar safe sannan a zage ta don ta makara. Takardar haihuwa a yi ta tun yaro na goye, kar a jira sai CM2, ajin ƙarshe na firamare, a shiga zarya a kotu. Yaron da ke matse ido ko kwafar kayen na kusa da shi, a kai shi likita a duba idonsa kafin a kira shi daƙiƙi.

Sannan ka san fuskar mushen ɗanka. Ni yanzu duk wata nakan ajiye keken ɗinki in leƙa lakwal lokacin tashi, mu gaisa, in tambaye shi abu ɗaya: wane baƙi ne ke ba yarinyar nan wuya? Watan jiya ya ce b da d take juyawa, su muke ta rubutawa a ƙasa da tsinke tun ranar.