Darasi na 9: Harajin Gida, Yadda Ake Yanka Shi da Yadda Ake Kai Kuka

Wata dattijuwa cikin ɗalibanmu ta zo aji da takarda a ƙulle a bakin gyale. Ta ce, "Malam, duba mini wagga takarda. An ce in biya kuɗin gida, alhali tun rasuwar maigidana ko buhun siminti ba mu ƙara ba." Na karanta, na ce, "Inna, ɗaki nawa ne a gidan?" Ta ce huɗu, da zaure. A takardar kuwa ɗaki bakwai aka rubuta, har da shago. Wannan takardar ce ta haifi darasinmu na yau.

Da farko mu raba abubuwa biyu da mutane ke haɗawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Saboda haka mai takardar shaidar mallaka yana biyan gwamnatin jiha kuɗin ƙasa duk shekara. Wannan na fili ne. Harajin gida kuma na ginin da ke kan filin ne. Tsarin Mulki na 1999 ya sa ƙiyasta gidajen jama'a don wannan haraji cikin ayyukan ƙaramar hukuma, amma Majalisar Dokokin Jiha ce ke tsara abin da za a karɓa. Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23, don haka abin da za ka fara dubawa a takarda shi ne sunan hukumar da ta aiko ta. Gidan da ke Wamakko ba ya biyan Sakkwato ta Kudu.

To, yaya ya kamata a yanka? Hanyar da aka fi bi ita ce a tambaya: da za a ba da gidan nan haya, nawa zai kawo a shekara? Daga wannan kuɗin ake cire wani kaso. Bari mu yi lissafi a allo da alƙaluman misali kawai. A ce gida zai kawo hayar naira 200,000 a shekara, kuma a ce doka ta yanka biyar cikin ɗari. Harajin ya zama naira 10,000. In mai ƙiyasi ya rubuta 400,000 bisa kuskure, sai harajin ya koma 20,000. Kun ga kuskuren biro ɗaya ya ninka wa mutum nauyi.

Shi ya sa nake ganin wajibi ne mai ƙiyasi ya tako ƙafa ya ga gidan da idonsa. Ya ƙirga ɗakuna, ya auna faɗi da tsawo, ya duba ko ginin laka ne da azara ko na bulo da kwano. Ya duba ko mota na shiga lungun, ko akwai famfo da lantarki, ko ruwa na kwanciya a ƙofar gida da damina. Tsohon gidan gado a cikin gari wajen Ƙofar Rini ba zai yi kuɗi ɗaya da sabon bene a Gawon Nama ba. Gidaje biyu masu kama da juna a layi ɗaya kuwa ya kamata harajinsu ya yi kusa da juna. Gida ake aunawa. Babbar rigar mai gidan, ko jam'iyyarsa, ko ɗansa da ke aiki a Abuja, duk ba su cikin lissafi. Ƙiyasin kadara sana'a ce mai hukumar rajista tun 1975, kuma ba laifi ba ne ka tambayi wanda ya zo ya nuna maka katin shaidarsa.

In ka ga an yi maka yawa, kada ka yaga takardar, kada kuma ka yi faɗa da wanda ya kawo ta, ɗan aike ne. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya miƙa "na goro" don a rage masa. Kuɗin ya tafi, littafin ofis bai canza ba, baɗi bashin na nan yana jiransa.

Rubutu za ka yi, kuma da wuri. Duba wa'adin da ke jikin takardar, domin a dokokin haraji da yawa na Najeriya kwana 30 ake ba mai ƙorafi. Ga irin wasiƙar da muka rubuta tare da Inna:

"Zuwa ga Shugaban Sashen Haraji. Ranka ya daɗe, na karɓi takardar harajin gidana mai lamba kaza a ranar kaza. An rubuta ɗaki bakwai da shago, alhali ɗaki huɗu ne da zaure. Ina roƙon a turo a sake dubawa a gyara."

Ta haɗa da hotunan gidan da jikanta ya ɗauka da waya, da rasit ɗin bara. Wanda ya sa 'yan haya sai ya ƙara da takardar yarjejeniyar haya, mai unguwa kuma zai iya ba da shaida. Yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗayan ka koma da shi gida. In an ƙi gyarawa, tambayi kwamiti ko kotun da dokar jiha ta tanada don ɗaukaka ƙara. In kuwa shiru aka yi maka, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya na da ofis a kowace jiha, kuma ba ta karɓar kuɗi. Duk abin da ka biya, ko kwabo ne, karɓi rasit na gwamnati mai lamba.

Aikin gida: kowa ya ƙirga ɗakunan gidansu, ya rubuta irin ginin da irin rufin, ya tambayi maƙwabta biyu nawa ake hayar ɗaki a unguwar. Ku zo da shi ranar Asabar, za mu yi lissafin kowane gida a allo.