Yadda ake koyon ba Linux umarni da wasan Bandit, ko da waya ce kawai a hannunka

Duk Lahadi bayan la'asar yara kan taru a shagona a Agege, wasu 'yan makaranta, wasu masu koyon gyaran waya a Computer Village ta Ikeja. Taminal nake koya musu, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni a ciki maimakon danna linzami. Tuni na daina tura su kallon bidiyo. Yaro zai ƙone data awa biyu yana kallo, ka zaunar da shi gaban allo ya rasa me zai rubuta. Darasin da ke shiga kai shi ne wanda za ka rubuta da hannunka, na'ura ta amsa maka nan take, ko ta yarda ko ta ƙi. Shi ya sa nake ɗora kowa a kan Bandit, wasan kyauta na OverTheWire, wanda ke shigar da kai ta intanet cikin kwamfuta ta gaske mai aiki da Linux (babbar manhajar da ke gudanar da kwamfuta, kamar Windows), yana ɓoye kalmar sirrin mataki na gaba a wani lungu, sai ka nemo ta da umarni.

Da farko ka samu taminal. In Windows 10 ko 11 gare ka, buɗe PowerShell da ikon mai gudanarwa ka rubuta wsl --install, ka sake kunna kwamfutar, za ka samu Ubuntu, wani nau'in Linux. Wannan saukarwar ce kaɗai mai cin data, ka yi ta da garaɓasar dare. In waya ce, sauke Termux, manhajar taminal ta Android, daga F-Droid, wata rumfar sauke manhajoji, ka buɗe ta ka rubuta pkg install openssh. Kada ka jira sai ka sayi laftof tokunbo. Wasan rubutu ne zalla, bai kai cin datar bidiyo ɗaya na TikTok ba, kuma ko an ɗauke wuta wayarka na aiki. Amma ka nemi ƙaramin kibod ka jona mata, babban yatsa ba ya koyon taminal.

Sai ka rubuta wannan umarnin na ssh, wanda zai haɗa ka da kwamfutar wasan da sunan bandit0:

ssh bandit0@bandit.labs.overthewire.org -p 2220

Zai tambaye ka ko ka amince da haɗin. Rubuta yes cikakkiya. Daga nan zai nemi kalmar sirri, ita ma bandit0 ce.

To nan ne wajen da nake so ka nutsu, don nan mafi yawa ke faɗuwa tun kafin a fara. Idan kana rubuta kalmar sirri a Linux, babu abin da zai fito a allo. Ba tauraro, ba ɗigo, alamar rubutu ma ba ta motsi. Da gangan aka yi haka, don wanda ke tsaye a bayanka kada ya san ko tsawonta. Wani yaro ya zo min da kibod ɗinsa a leda, ya ce, "Oga, ya lalace, na danna na danna bai rubuta komai ba." Har ya shirya shiga danfo ya mayar wa mai shago. Kibod lafiyarsa lau. Abin da ya faru, ganin allo shiru sai ya sake rubuta kalmar sau uku a jere, ta zama wata aba dabam, na'ura ta ƙi shi. Rubuta sau ɗaya, a hankali, ka danna Enter. In ka ji ka yi kuskure, danna Ctrl da U, zai share abin da ka rubuta ko da ba ka ganinsa.

Matsala ta biyu tana manne da ta farko. Da ka shiga, ls zai nuna maka fayil mai suna readme, cat readme ya buɗe shi, ga kalmar sirrin bandit1, wato mataki na 1, wanda za ka shiga da umarnin ssh ɗin nan amma da bandit1 a madadin bandit0. Haruffa 32 ne a cakuɗe, manya da ƙanana da lambobi. Kada ka ce za ka kwafe ta da ido, domin 0 da O, ko l da 1, za su wahalar da kai. Haskaka ta ka kwafa. Sai dai a taminal Ctrl da C ba kwafa yake yi ba, kashe umarnin da ke gudana yake yi. A Ubuntu ana haɗawa da Shift, C don kwafa, V don liƙawa, a Termux ka danne yatsa a allo ka zaɓi liƙawa. Bayan ka liƙa ma ba za ka ga komai ba, kada ka sake liƙawa.

Kuma ka adana kowace kalma a fayil naka tare da lambar matakinta. Wasan ba ya tuna inda ka tsaya. Ni kaina na taɓa kaiwa mataki na 11, batir ya mutu, ban ajiye komai ba, na koma sifili.

Dokar shagona: ba a neman amsa a intanet sai an yi rabin awa ana fama. A shafin OverTheWire, kowane mataki yana zuwa da jerin umarnin da za su taimaka. Rubuta man da sunan umarnin ka karanta, q zai fitar da kai. Saƙon kuskure ma karanta shi, yawanci yana gaya maka ne fayil ɗin ba ya inda kake, sai ka duba da pwd.

Sauran za su zo da kansu. Mataki na 1 fayil ne mai suna - kawai, ana buɗe shi da cat ./-. Na 2 suna ne mai tazara a ciki, ka fara da ./ a gabansa, sannan ka sa shi cikin alamar zance ko ka bar Tab ya cike maka. Na 3 ɓoyayyen fayil ne, ls -a. Daga nan find, grep, sort da uniq, sai base64 a na 10. Na 12 yana da tsawo, fayil ne da aka matse sau da yawa, ka ƙirƙiri folda a /tmp ka yi aikin a can, kuma ka ware masa yammaci guda.