Yadda ake dawo da ƙarfin cinya bayan ciwon gwiwa

Duk wanda ƙafarsa ta yi makonni a ɗaure, ko filasta aka sa masa ko tiyata aka yi wa jijiyar gwiwarsa, zai ga cinyar ta zabge har wando na yi mata yawa. Ba zama kaɗai ke jawo haka ba. Kumburin cikin gwiwa yana hana naman gaban cinya amsa saƙon ƙwaƙwalwa, ka ce masa ya ɗaure ya yi biris. Shi ya sa yawan tafiya ba ya dawo da shi. Jiki zai jibga nauyin kan lafiyayyar ƙafar, ka yi ta ɗingishi ba ka ma sani ba.

Kafin komai, likitanka ko mai gashin ƙashi na asibiti ya faɗa maka iya nauyin da za ka ɗora. Wanda aka ɗinke wa guringuntsi dokarsa daban da ta mai targaɗe.

Fara da tayar da naman. Zauna kan tabarma ka miƙe ƙafar, ka naɗe ɗan tawul a ƙarƙashin diddige. Danna bayan gwiwar ƙasa, ka sa ido kan ƙoƙon gwiwa: in naman ya kama, za ka ga ƙoƙon ya ɗan ja sama. Riƙe daƙiƙa 5, ka saki, sau 10, kuma ka maimaita sau da yawa a yini. Mutane na raina wannan don ba gumi a cikinsa, alhali shi ne tushen. Haka kuma miƙewar gwiwa sarai ta fi lanƙwasa gaggawa, don haka kar ka kwana da matashi a ƙarƙashinta, komai daɗinsa.

In ƙoƙon ya fara motsi, kwanta rigingine ka ɗaga ƙafar a miƙe, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Gwiwar ta lanƙwashe wajen ɗagawa? To da saura, koma baya. In ta tsaya ƙyam, zuba yashi a tsohuwar safa, kamar rabin kilo, ka ɗaura a idon sawu. Haɗa da jan diddige zuwa ɗuwawu a hankali domin lanƙwasa.

Daga nan sai tsayuwa. Tashi daga kujera ba dafawa, ka zauna a hankali ba faɗawa ba, sau 8 zuwa 12, zagaye uku, yau ka yi gobe ka huta. Sannan hawa dakali ko bulo mai tsayin santimita 15, da ƙafar mai ciwo a gaba, gwiwa na kallon yatsu, ba ta karkata ciki ba. In sau 12 ya zama wasa, ƙara nauyi: jarkar ruwa mai lita 5 kilo 5 ce. Nama ba ya girma sai an ɗan wahalar da shi. Kar ka manta da bayan cinya da ɗuwawu: kwanta, tanƙwara gwiwoyi, ɗaga ƙugu.

Alƙalinka shi ne wayewar gari. Ɗan ciwo lokacin motsa jiki ba laifi, amma in ka tashi gwiwa ta kumbura, ka zarce, sai ka rage. Tsuguno har ƙasa da zaman tahiya su jira izinin likita, kujera tana nan. Don naman ya samu abin gina kansa, ci wake, ƙwai, kifi, awara da nono. Auna cinyoyin biyu da tef ɗin tela duk wata, a wuri ɗaya.

Wanda aka yi wa tiyatar ACL, wato jijiyar tsakiyar gwiwa da ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri, yawanci sai ya yi wata 9 kafin ƙwallo, kuma ƙafar ta kai kashi 90 cikin 100 na ƙarfin 'yar'uwarta. In kuwa sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko gwiwa ta maƙale, a tafi asibiti ranar.