Kayan da za a ɗauka idan ƙungiyar rediyo za ta fita fili

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarata ga masu shirya mana fita aikin rediyo a fili, wato magana da wasu tashoshi ta na'urarmu, ko kan Dutsen Dala ko Goron Dutse, ita ce a zaɓi na'urar da sabon ɗan ƙungiya zai iya sarrafawa ba tare da an tsaya masa a kai ba. Icom IC-7300, wata na'urar aikawa da karɓar saƙon rediyo, ta dace da wannan, domin allonta na taɓawa yana nuna tashoshin da ke magana, sai dai tana jan wuta kusan amfiya 21 idan ana aika saƙo da ƙarfin wat 100. A rage ta zuwa wat 25, batirin LiFePO4 (wani nau'in batirin lithium) mai bolt 12 zai fi daɗewa.

Eriya kuwa, waya mai tsawon kimanin mita 10 da aka raba biyu ta wadatar a zangon mita 20, kuma ba ta da wahalar ɗaurawa.

Kada a manta da rumfa, domin zafin Afrilu a Kano yana wuce digiri 40, na'ura kuma tana zafi da sauri. A lokacin hunturu a rufe ta da kyalle saboda ƙura idan ba a aiki da ita.