Ondilar marar ma'aunin tansiyo: inda ake yawan kuskure idan faz uku ba su daidaita ba

Duk ondilar (na'urar da ke juya wutar DC, mai gudu ta hanya ɗaya, zuwa irin wutar layi) da ke tura wutar hasken rana cikin layin gari, ƙaramar kan rufin shago a Yamai ce ko babba irin ta tashar Gorou Banda mai megawat 30, sai ta san tansiyon layin kafin ta zuba masa kuran. In an cire ma'aunin tansiyo don rage kuɗi, sai ta ƙiyasta shi daga kuran da take fitarwa, da tansiyon ɓangaren DC, da ƙimar bobin ɗin tacewa, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke tace kuran da ondilar ke fitarwa.

Babban kuskure shi ne a gwada ta a ɗakin gwaji da faz uku (wayoyi uku masu ɗauke da wutar layi) daidai wa daida, a ce an gama. Da azahar a watan Afrilu, lokacin da na'urorin sanyaya ɗaki suka taru a faz guda, layin unguwa ba haka yake ba. In faz ba su daidaita ba, tansiyon yana rabuwa kashi biyu: mai juyawa gaba da mai juyawa baya. A layinmu na hertz 50, mai juyawa bayan nan yana fitowa a matsayin rawa ta hertz 100, a kusurwar da PLL (sashen ondila mai bin sawun juyawar tansiyon layi) ke bi da kuma kan kondansatan DC, mai ajiye caji. Wasu sai su rage saurin PLL, ko su ƙara girman kondansata. Wannan rufe kura da fatar akuya ne, kuma ondilar za ta yi nawa ranar da tansiyo ya faɗi farat ɗaya. Gyaran shi ne a raba kashin biyu da DSOGI (tagwayen matatun lissafi da ake kira SOGI), a ba PLL mai juyawa gaba kawai.

Kuskure na biyu shi ne amfani da lissafin tarawa zalla wajen ƙiyasin tansiyon. Ƙaramar karkata a ma'aunin kuran ta isa ta riƙa taruwa har ƙiyasin ya bar hanya. SOGI na rage wannan matsala sosai. Ƙimar bobin ma a auna ta a cikakken lodi, don tana raguwa idan ƙarfen cikinta ya ƙoshi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne neman abu biyu lokaci guda: kuran daidai a faz uku da ƙarfin wuta marar rawa. Muddin layin bai daidaita ba, ɗaya za a zaɓa. Wanda ya zaɓi kashe rawar, ya sa wa kowane faz iyakar kuransa daban, don faz ɗin da tansiyonsa ya faɗi shi ne zai ja kuran fiye da sauran.